Tsohon Cessna a Garwa: ina ake samun kayan gyaransa?

Makanikin Rumde ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni makanikin manyan motoci ne a Garwa, garejina yana Rumde, aikina injinan tirelolin auduga da janareto. Jirgin sama ba layina ba ne, shi ya sa na kawo tambayar nan ko Allah zai sa a dace da wanda ya sani.

Kawuna ne ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgi mai kujera huɗu a hannun magadan wani Bature da ya yi harkar farauta a wajen Faro. Jirgin ya haura shekara goma a rumfa ba a tayar da shi ba. Niyyar kawu ita ce ɗansa da ke koyon tuƙin jirgi ya samu abin tara awoyi idan ya gama, kuma a riƙa leƙa shanu a wajen Ngaundere ba sai an sha hawan dutsen nan a mota ba. Ni aka ɗora wa neman kaya, wai don na san ƙarfe.

Abin da ke rubuce a farantin jirgin shi ne Reims Aviation, F172H, ƙirar 1968. Cessna ne amma haɗin Faransa. Injinsa Continental O-300-D mai silinda shida, doki 145, sai dai a farantin injin akwai sunan Rolls-Royce, abin da har yanzu ban gane ba. Ko wani ya yi masa canji ne a baya?

Wani injiniya mai lasisi ya zo daga Yawunde ya duba, ya bar mana jerin abubuwa ya koma, ya ce idan kaya sun haɗu a kira shi. Mafi yawan jerin bai ba ni tsoro ba. Tayoyi sun tsattsage, tiyon mai da na birki sun bushe sun yi tauri, gilashin gaba ya yi rawaya ya yi tsaga-tsaga ta yadda idan rana ta bugo ba ka ganin komai. Zanzaro ya gina ɗaki a bututun numfashin tanki da ke ƙarƙashin fiffiken hagu, ɓeraye sun yi sheƙa a cikin wutsiya, igiyoyin ƙarfen da ke jan ta sun yi tsatsa daidai inda suke bi ta kan kura. Wannan duk abu ne da na ke jin kuɗi zai kawo.

Abu uku ne suka tsaya min a rai.

Na farko kaskon baƙin mai na ƙarƙashin injin. Daga waje lafiya lau, ko fenti bai tashi ba. Da muka kwance shi na kankare baƙar lakar da ta kwanta a ciki, sai ga ƙananan ramuka birjik a inda ruwa ya taru ya zauna, kusa da ramin tsiyayar mai. Na haska tocila ta ciki, haske ya fito ta waje kamar rariya. Kaskon ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma garin da ke fita idan ka kankara toka-toka ne, ba jar tsatsar da muka saba ba. Mai waldarmu ya ce a kawo ya cike, injiniyan ya ce kar wuta ta kusance shi. Kuma ba kwanon tara mai kawai ba ne yadda muka sani a mota, a jikinsa ake ɗaura kafireta, ta cikinsa iskar ke bi.

Na biyu dogon kujera, wato layukan da kujerun gaba ke gudu a kai. Ramukan da ƙusar kujera ke faɗawa sun buɗe sun yi tsawo, ɗaya ma ya tsage tsakanin rami da rami. Akwai wani mai injin sassaƙa ƙarfe a nan garin, gwani ne ƙwarai, ya taɓa yi min giyar da ta gagara samuwa har Kano. Ya auna ya ce zai fitar da irinsu sak daga alminiyam.

Na uku sitata. Tana juyawa, kana jin ƙararta, amma farfela ko motsi. Injiniyan ya ce akwatin giyar da ke tsakanin sitata da inji ne ke zamewa.

Wani dillali ya same ni ta WhatsApp ya ce yana da kaskon, daga wani jirgi da aka yanka, kuɗin kuma da sauƙi, amma babu wata takarda. Kawu ya ce a karɓa. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don tirela idan ta zubar da mai gefen hanya ake tsayawa, wannan kuwa babu gefen hanya.

To jama'a, ina ake samun irin waɗannan kaya? Me ya halatta a ƙera a gida, me bai halatta ba? Kuma ta wace hanya za su iso Garwa ba tare da kuɗin hanya ya fi kuɗin kaya ba? Na gode.

Baba Injiniya, Njamena:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aikin ƙananan jirage a nan Njamena har na ajiye, kuma irin wannan injin ya sha ratsa hannuna. Ka karanta a tsanake, zan yi tsawo.

Ba ka ce komai a kan littattafan jirgin ba, kuma shirun nan ya fi ramukan kaskon tayar min da hankali. Jirgi yana da littafin jiki, inji yana da nasa, farfela ma tana da nata tarihin. A ciki ake rubuta awoyi da kowane gyara da kowane umarnin dole da aka cika. Kafin ka sayi ko noti ɗaya ku nemo su. Ku duba kuma rajistar, TJ ce ta Kamaru ko F ta Faransa, kuma sunan wa ke kai. Idan har yanzu sunan mamacin ne, hukumar kula da jiragen sama ta Kamaru, CCAA, a Yawunde ce zangonku na farko. Mu nan Chadi hukumarmu ADAC ce, rajistarmu TT, amma tsarin duk ɗaya ne. Na ga jirgin da aka gama gyara tsaf ya zauna a ƙasa saboda takardar mallaka.

Batun Rolls-Royce kuwa ba canji ba ne, asali ne. Su ne ke ƙera injin a Ingila da izinin Continental, Reims suna ɗaurawa. A nan ma akwai tarkon da ya kamata ka sani. A 1968 masana'antar Cessna ta Wichita a Amurka ta bar Continental ta koma Lycoming O-320 mai silinda huɗu, doki 150, a samfurin 172I. Reims kuma suka ci gaba da samfurin H da tsohon injinsu. Idan ka rubuta wa Ba'amurke cewa kana neman kayan 172 na 1968, na Lycoming zai aiko maka, salansa da marfin inji da mazaunin inji, babu wanda zai hau. Kar ka yi oda da shekara. Ka rubuta F172H, ka rubuta lambar ƙirar jirgin, ka rubuta lambar kayan daga kundin lambobi na samfurin. Ku sayi kundin nan da littafin gyara tun yanzu. Wasu lambobin an sauya su da sababbi tun tuni, mai sayarwa na kirki zai gaya maka wadda ta maye gurbin wadda.

Kar ka karaya. An ƙera 172 sama da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya, kuma jikin na Reims kusan duk lambobinsa na Cessna ne, da inci aka auna ƙusoshinsa, ba milimita ba. Kamfanin Reims ya rushe amma wannan bai taɓa ku ba. Silindar O-300 ita ce ta O-200 da ke kan Cessna 150, har yau ana ƙera sabuwa. Fulogi, taya 6.00-6 ta baya da 5.00-5 ta gaba, kayan birki, noti da ƙusa na ma'aunin AN da MS, duk waɗannan Aircraft Spruce da ire-irensu suna da su a kanta. Gilashin gaba LP Aero suna yi. Igiyoyin ƙarfe da dogon kujera McFarlane a Kansas suna yi da izinin PMA, wato hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta yarda su ƙera madadin na asali.

Saboda haka ka yi wa abokinka mai sassaƙa godiya, ka ce ya bari. Ba raina hannunsa na yi ba. Alminiyam ɗin da ke kasuwa babu wanda zai iya rantse maka a kan irinsa da taurinsa, kuma dogon kujerar nan ya kashe mutane. Lokacin tashi hancin jirgi yana sama, idan ƙusar ta kuɓuce daga rami kujera ta zame baya, direba yana riƙe da sitiyari sai ya ja shi tare da shi, ƙafarsa ta bar feda, hanci ya ƙara miƙewa, jirgi ya rasa iska a inda babu tazarar gyarawa. Shi ya sa akwai umarnin dole na FAA mai lamba 2011-10-09, a duba shi duk awa 100 ko wata 12, ramin da ya buɗe ya wuce inci 0.42 a cire layin. Sabo yana nan da takardarsa, kuma yana cikin masu arahar jerinku.

Masu wuyar su ne waɗanda aka daina ƙerawa: kaskon nan, karanshaf, da akwatin giyar sitata. Kaskon magniziyam ne, shi ya sa ka ji shi shafal, shi ya sa ruwan da ya kwana a ƙasan mai ya ci shi, shi ya sa kuma injiniyanku ya hana wuta. Magniziyam idan ya kama ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa yake yi. Akwai masu gyara shi a Amurka da izini idan cin bai yi nisa ba. Naka da haske ke ratsawa, ni ban sa rai ba, amma ku aika musu hoto su faɗa da bakinsu. In ba haka ba sai gwanjo, kuma gwanjon jirgi yana da gidajensa: Wentworth a Minneapolis, BAS a Colorado, Preferred Airparts a Ohio. Suna sayen jiragen da suka yi haɗari ko suka tsufa, su kwance, su rubuta daga wane jirgi kowane abu ya fito. Turai ma kar ka manta da ita, can ne Reims suka fi yawa, a Faransa da Ingila da Jamus. A nahiyarmu kuma filin Wilson na Nairobi da Wonderboom na Afirka ta Kudu su ne kasuwar ƙananan jirage.

Yanzu takardar shaidar kaya. Daga Amurka sunanta 8130-3, daga Turai EASA Form 1. Ka duba gida na 11, nan ake rubuta halin kayan, sabo ne, an yi masa cikakken gyara ne, ko dubawa kawai aka yi. Gida na 12 kuma bayanin aikin. Lambar da ke takardar ta zama ita ce ke jikin ƙarfen. Gidajen gwanjo sau da yawa suna sayar da abu yadda suka ciro shi, da shaidar inda ya fito kawai. Wannan ba haramun ba ne, amma sai ya bi ta wurin gyara mai izini an duba shi kafin ya hau jirgi. Rawayar takardar da ake ratayawa da zare ita kaɗai ba komai ba ce, kowa zai iya bugawa. Kuma kafin ka biya kuɗin kowane abu ka tura wa injiniyanku hoton takardar, don shi zai sa hannu, shi hukuma za ta tambaya. Wannan tsarin da ya yi muku na a kira shi idan kaya sun haɗu bai yi min ba. Ya kasance cikin kowane ciniki tun daga farko.

Aikin da za ku iya yi a Garwa yana da yawa: wanke-wanke, kankare tsatsa, shafa maganinta, ɗinkin murfin rana, kwance-kwance a gaban mai lasisi. Amma ka yi min alkawari ɗaya. Man birkin mota kar ya shiga jirgin nan. Nasa ja ne, MIL-H-5606, na mota yana cinye robobinsa.

Ɗan Marwa:

Baba da girmanka, amma wannan duk ba tsarin Turawa ba ne na a ci kuɗinmu? Mu da muke tayar da motar da ta shekara talatin da kayan Beljiyam. Kasko kasko ne. Idan na dillalin ba ya yoyo a wanke a ɗaura mana, mene ne takarda za ta ƙara masa? Yaya Makaniki, ka cika shi da kananzir ka bar shi ya kwana, idan bai jiƙe ba shi ke nan.

Baba Injiniya, Njamena:

Yaro, kananzir zai nuna maka ramin da ya riga ya ɓulle. Ba zai nuna maka wurin da ya rage kaurin takarda ba, ko tsagar da ke jiran zafi da girgiza, ko cikon da aka yi aka rufe da fenti. Kuma ko lafiyarsa ƙalau, mai lasisi ba zai sa hannu ba, hukuma ba za ta ba da shaidar tashi ba, inshora ba za ta biya ba. Ka sayi abin da ba za ka iya ɗaurawa ba ke nan. Araha ba ta ado.

Hajiya Mai Fito, Ngaundere:

Sannunku. Ni ban san inji ba, fiton kaya na sani, tsakanin Duwala da nan, to bari in taɓa ɓangarena.

Ƙanena, babban abin da ke cinye kuɗin masu irin aikinka shi ne oda guntu-guntu. Yau noti, jibi tiyo, kowane ƙunshi da kuɗin jirginsa da kuɗin takardunsa. Ku zauna da injiniyan ku gama jerin har ƙarshe, a tara kayan wuri ɗaya a can, a turo su gaba ɗaya. Ƙanana masu tsada su biyo jirgin sama. Gilashin gaba ne zai ba ka mamaki, ba shi da nauyi amma akwatinsa ƙato ne, kamfanonin jirgi kuma da girman akwati suke lissafi idan ya fi nauyin. Shi da tayoyi su biyo ruwa idan ba ku gaggawa, daga Duwala jirgin ƙasa ya kawo su nan, mota ta ƙarasa da su Garwa. A yi masa akwatin katako, kar a yarda da kwali. Na ga yadda ake lodi.

Batir da fenti da gam ɗin liƙe tanki ana lissafa su cikin kaya masu haɗari, ba kowane kamfani ke ɗauka ba, kuma idan aka cusa su cikin sauran kaya za su iya tsayar da ƙunshin duka. A raba su. Gam ɗin yana da ranar lalacewa, kar ku saye shi sai aikinsa ya zo, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba ya barin irinsa.

Wajen kuɗi, Yuro ɗaya Sefa 655.957 ne ba ya motsi, Dala kuwa tana hawa tana sauka, don haka idan abu yana samuwa a Faransa lissafinsa ya fi sauƙi ko da ya ɗan fi tsada. Banki zai nemi takardar farashi daga mai sayarwa kafin ya tura, ka nema da sunan wanda jirgin yake hannunsa. Ka sa harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari a lissafi, ban da kuɗin duwan. Takardar farashin ta faɗi a fili cewa kayan jirgin sama ne, da lambar kowane ɗaya, don kar a yi musu kuɗi da ka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kayan da za su fita su dawo. Idan za ku aika maganeto, wato abin da ke ba fulogi wuta, ko kafireta ko wannan akwatin sitatar a gyara, a yi musu takardar fita ta wucin gadi a duwan kafin su tafi, da lambobinsu. Idan ba a yi ba, ranar da suka dawo za a ɗauke su sababbi ku biya a kan kayanku. Haka kuma wasu masu sayarwa suna riƙe wani kuɗi sai ka mayar musu da tsohon naka, kuma suna sa wa'adi. Daga Garwa wa'adin nan yakan yi kaɗan, ka roƙi ƙari tun kafin ka biya.

Takardun da Baba ya ambata kuma ka ce a turo maka hotonsu tun kaya ba su taso ba. Ana buɗe akwati a hanya, takarda ɗaya ta faɗi babu mai lura.

Direba, Kusiri:

Salam. Ni tuƙin jirgi nake yi, kuma zan faɗi abin da ba a tambaye ni ba. Yaya Makaniki, kun yi lissafin ko injin nan ya cancanci wannan wahala? Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce a yi masa cikakken gyara bayan awa 1,800 ko shekara 12, wanda ya riga zuwa. Naku ya cinye shekarun a zaune. Ko kun samu kasko, injin sai an buɗe shi gaba ɗaya, kuma idan aka auna karanshaf aka ga ya wuce gyara kun shiga wani neman da ya fi na kasko.

Sannan doki 145 a ƙasar nan. Filin Ngaundere ya haura mita 1,100 a sama da teku. Ka haɗa da zafin azahar, ka zuba kawu da baƙinsa biyu da cikakken tanki, za ka ga ƙarshen titi yana matsowa jirgi bai yi niyyar tashi ba. Kujera huɗu ce a ido, a aikace ta mutum biyu ce da jaka. Akwai izinin STC, wato amincewar hukuma a yi wa jirgi canji, na ɗaura Lycoming O-360 mai doki 180, Air Plains a Kansas suna sayar da kayan haɗin. Kuɗi ne mai yawa a tashi ɗaya, amma kun rabu da farautar kayan da aka daina yi. Ku dai tabbatar takardar izinin ta ambaci F172H da sunansa, kuma CCAA ta amince kafin a fara.

Baba Injiniya, Njamena:

Direba ya faɗi gaskiya a kan buɗe injin, wannan babu makawa. A kan canjin ne ban bi shi ba. Wane mai za ku sha? Man jirgi 100LL a yankin nan sai an yi odarsa a duro, wani lokaci a jira. O-300 matsinsa 7 ne kawai, an yi shi don mai mai lamba 80/87, kuma akwai izinin STC na kamfanin Petersen da na ƙungiyar EAA na ba shi fetur ɗin mota. O-360 matsinsa 8.5, ya fi zaɓen abin da zai sha. Ga mai koyon tara awoyi, injin da ke shan man gidan mai ya fi injin da ke da ƙarfi yana zaune yana jiran duro. Sharaɗin dai fetur mai tsabta daga gidan mai, wanda babu sinadarin etanol a ciki, ba zuwa-zuwa na kwalba a bakin titi ba. Gwajin ba wuya: ka zuba ruwa kaɗan a kwalba ka yi masa alama, ka cika da fetur ka girgiza ka ajiye. Idan ruwan ya haura alamar akwai etanol, kar a zuba. Batun nauyi kuma a gaya wa kawu tun yanzu cewa da sassafe ake tashi, kuma ba da ayari ba.

Makanikin Rumde ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, da sauran 'yan uwa. Ga inda aka kwana.

Rajistar TJ ce, kuma kamar yadda Baba ya yi zato sunan mamacin ne a kai. Littafin inji yana nan cikakke, mun same shi a aljihun bayan kujera cikin leda. Na jiki kuwa guda ɗaya muka gani, na farkon, na biyun magadan sun ce za su duba cikin akwatunan da aka kai Duwala. Na gaya wa kawu a dakatar da sayen komai sai an ga ƙarshen wannan. Bai ji daɗi ba, ya ce shi jirgi ya saya ba laburare ba, amma ya yarda.

Na kira injiniyan na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya amince a riƙa tura masa kowace takarda kafin biya. Ya ce in cire fulogin sama in zura ƙaramar kyamarar nan ta waya da muke leƙa injin tirela da ita. Silinda huɗu bangonsu da dama-dama, biyu sun yi jan zobe daidai inda fistin ya tsaya shekarun nan. To maganar buɗe inji ta tabbata. Batun canza shi zuwa Lycoming na kai wa kawu, da ya ji kuɗin sai ya ce a gaishe da Direba.

Mai sassaƙa na ba shi haƙuri. Ya ce to ya yi mana takozar taya da abin ɗaure sitiyari, na ce wannan kam bismillah.

Dillalin kuma na ce ya turo min hoton cikin kaskon da lambar da ke jikinsa da rajistar jirgin da aka ciro shi. Ya turo hoto uku, duk na waje, kaskon yana ta ƙyalli da sabon fenti. Na sake tambayar na ciki, ya ce yaron shagon ya tafi da makulli.

Hajiya, tambaya ɗaya ta rage. Idan injin gaba ɗaya za a aika a buɗe, takardar fitan wucin gadin a Garwa za a yi ta ko sai an kai shi Duwala? Kuma tsakanin Nairobi da Faransa wanne ya fi sauƙin dawowa?

Hajiya Mai Fito, Ngaundere:

Ka fara da ofishin duwan na nan Garwa, ka je da hoton farantin injin da littafinsa da wasiƙar wurin da za su yi gyaran, su za su gaya maka inda za a buga hatimin fita. A tsiyaye mai tas, a toshe kowace kafa, a ɗaure shi a kan katako, in ba haka ba kamfanin jirgi ba zai karɓa ba. Zaɓen wuri kuma ba nawa ba ne. Ka tambayi injiniyanku takardar wane wurin gyara hukuma za ta karɓa, daga nan sai ka kawo min adireshin in yi maka lissafin hanya.